Talatar da Kowa Ya Warke

'Yan matan unguwarmu da ke karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a sukan zo gidana a Waziriyya, nan Jidda, da yamma, su cire abaya, su sha shayi, su yi ta yaba aikin da na bari. Yabon nasu ne ke ba ni haushi. Ran nan jikar wata maƙwabciyata ta miƙe ƙafa ta ce, "Wallahi ya Khala, shugul ɗinku marra sahal. Ki zauna a mukayyif, mutum ya yi ta magana, ke kina gyaɗa kai, halas." Wato a ganinta sana'ar da na tsufa a cikinta shan iskar na'ura ce da gyaɗa kai. Na ce to, ta rufe bakinta zan ba ta labarin wata mata da ba ta iya barci, kada ta ce uffan sai na gama. Ban kai ko'ina ba ta katse ni, wai ai sai matar ta riƙa shan madara mai ɗumi. Aka kwashe da dariya, na ce ta dai ga irin sauƙin.

Ni a Sudan aka haife ni. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, hanya ta yi tsawo, suka yada zango a bakin kogi suka yi noma, zangon ya zama gari. A gida Hausa muke yi, a makaranta Larabci. Na yi digirina a Khartum, daga nan aka tura ni wani asibiti koyon aiki a hannun wani dattijo da kowa ke kira Ustaz. Mutumin nan ya ajiye mini kujera a lungu, ya ce ranar da na yi magana a gaban marar lafiya in ɗauki jakata in tafi gida. Watanni ina zaune kamar an dasa ni. In mace ta fita sai ya juyo ya ce, "Me hannunta yake yi lokacin da take zancen mijinta?" In ce ban lura ba, maganarta nake saurare. Ya ce, "Magana ko wanda ke bayan ƙofa ya ji ta. Ke da aka ba kujera, me kika gani?" A lokacin na tsane shi ƙwarai. Yau ba na ɗaga hannu in yi addu'a ban sa shi a ciki ba.

Aure ne ya kawo ni Jidda a farkon shekarun tamanin. Maigidana yana kula da sito a wani kamfani a Madinar Masana'antu, ni kuma na sami aiki a Sharafiyya, a wani ƙaramin asibitin kuɗi, irin wanda ake kira mustausaf, a saman shagunan yadi. A wancan zamanin ba a tsawaita tambaya. Mai wurin ya duba takardar digirina, ya ga hatimi, ya ba ni ɗaki a ɓangaren mata. Matan Hausawa suna kirana Ustaza in muna tare, in na ba da baya kuwa likitar mahaukata. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne ba na yin allura, ba na rubuta magani. Wata ta taɓa tsayawa a bakin ƙofa bayan mun gama ta ce, "Shi ke nan? Ko ɗan awon jini babu?"

Kayan aikina ba su cika akwati ɗaya ba. Akwai 'yan katakai masu fentin ja da fari da ake ba yaro ya haɗa zane, don a auna fahimtarsa, da agogo mai maɓalli da nake danna wa a ƙarƙashin tebur don kada yaron ya ji ana yi masa tsere. Akwai farar takarda da fensira masu launi. Akwai katunan hotuna da aka buga a Turai, a nuna wa mutum ya faɗi abin da ya gani. Na taɓa nuna wa wata tsohuwa wani mai hoton kare kwance a kan gado, ta ce abin da ta gani shi ne gidan da babu tarbiyya. Tun daga ranar na san katin da zan fitar da wanda zan bari a akwati. Kujeruna biyu ba sa fuskantar juna, a ɗan karkace suke, domin Bahaushiya ba ta son a zuba mata ido tana magana. Agogon bango yana bayan kujerar baƙuwa, in ga lokaci ba sai na juya hannu ba. Kwalin tishu kuwa yana kusa da ita, amma ba na miƙa mata. In ka miƙa wa mai kuka tishu, abin da ta ji shi ne ta share hawaye ta tashi.

Wata mata 'yar Damagaram, mai aikin goge-goge a gidan Larabawa, ita ta koya mini abin da babu shi a littafi. Ta zagaye duk likitocin mustausaf ɗin, an yi awo an yi hoto ba a ga komai ba, ta je an yi mata ruƙiyya, amma har yanzu kanta na hayaƙi, wani abu na yawo daga wuyanta zuwa tafin ƙafa. Na yi mata tambayar da aka koya mini, me ke damunta, ta ce ba komai, lafiya lau. Makonni muna haka. Rannan na gaji na ajiye biro, muka shiga gaisuwa irin ta gida. Ina gajiya, ba gajiya. Ya aiki, da godiya. Ya uwar ɗakin naki, tana lafiya. Ya yara. Ta ce lafiya lau, amma sai da ta haɗiye yawu kafin ta faɗa, hannunta ya kama bakin mayafi. A nan ciwon yake. Daga ranar gaisuwa ta zama babban kayan aikina. Kowa zai ce lafiya lau, ba a taɓa samun wanda ya ce wani abu daban ba, amma akwai tambaya ɗaya da amsarta ke makara, kuma ita nake jira.

Yawancin matan ba su zuwa su kaɗai, kuma mai rakiyar kusan kullum mutum ɗaya ce, Gwaggo Dije. Ba sunanta ke nan ba. Kafin ta rasu ta ba ni izinin ba da labarinta, da sharaɗin in canza suna, in kuma faɗi cewa ƙosanta ya fi na kowa, to na faɗa. Bakatsiniya ce, ta zo hajji tun da sauran ƙarfinta ba ta koma ba, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, tana soya ƙosai da asuba a bakin wani lungu a Waziriyya, leburorin masana'antu su saya kafin motarsu ta zo. Muryarta tana riga ta shiga wuri. Duk matar da ta fara rama ko ta daina fita biki, Gwaggo za ta sa ta gaba har ɗakina, ta tura ta ciki ta ce, "Ustaza, ga wata na kawo miki. Ni dai lafiyata ƙalau, rakiya na zo." Sai ta zauna a benci ta yi ta ba ma'aikatan jinya umarni da Larabcinta na kasuwa. Ba a gaishe da Gwaggo, ita ke gaisuwa. Kafin ki buɗe baki ta tambayi gidanki da yaranki da ciwon bayanki, ta ba ki shawara a kan kowanne, ta wuce.

Muguwar shekarata ta zo a shekarun casa'in. Maigidana ya rasu, ba zan tsaya a kan wannan ba. Mai mustausaf ya yi mini halacci, ya zama kafilina, mai tsaya mini a kan izinin zama, ni da 'ya'yana muka koma ƙarƙashin takardar aikina. A daidai lokacin ne aka tsaurara doka cewa duk mai taɓa marar lafiya sai ya mallaki lasisi daga hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya. Ban ga laifin dokar ba. Na san mutanen da suka rataye allo a ƙofa suna karɓar masu ciwon rai, alhali ko ajin farko na wannan ilimi ba su taɓa shiga ba. Amma dokar ta same ni a tsaye da ƙafa ɗaya. Kafilina ya kira ni ofis ya ce, "Ya Ustaza, ni ina son aikinki. Amma babu lasisi, babu aiki. Babu aiki kuma, ba ni da abin da zan sabunta iƙamarki da shi." 'Ya'yana a Jidda aka haife su, Sudan wurin hutu ne a wurinsu, babbar tana dab da gama sakandare.

Abin da ake nema kashi uku ne. A tabbatar da digirina daga jami'ar da ta ba ni, wannan ƙanena ya yi ta zarya a Khartum har ya samu. A zauna jarrabawa a rubuce, wannan bai ba ni tsoro ba. Na ukun ne ƙashi: tunda duk shekarun da na yi babu wani babba mai lasisi da ke duba aikina, sai na yi wani lokaci a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, ya zauna a ɗakina ya ga yadda nake yi, ya sa hannu cewa na cancanta. In babu wannan hannun, ko zauren jarrabawar ba za a bari in shiga ba.

Wadda aka haɗa ni da ita sunanta Daktora Amal, Bamisriya, doguwa, mai tabarau a rataye da sarƙa. Ba ta dariya a bakin aiki. Duk Talata take zuwa, ta ɗauki kujera ta koma lungu, daidai inda Ustaz ya taɓa dasa ni. Da farko masu jin Larabci ta gani, Yamalawa da 'yan Sudan, sai Hausawa ɗaya biyu. Ba ta jin ko "zo" da Hausa, amma tana da ido. Ta ce gaisuwata ta yi yawa, ina cinye lokacin mutane. Na yi mata bayani, ta ce za ta gani. Rannan kuma ta ce, "Akwai wata kalma da kike faɗa duk lokacin da mace ta kusa yin kuka. Kina faɗinta sai ta gyara zama ta yi shiru. Me take nufi?" Na yi tunani na gane haƙuri take nufi. Na ce ai haka muke yi, ba a ganin mutum cikin damuwa a ƙi ba shi haƙuri. Ta ce, "A gidan makoki ki ba ta. Nan ta zo ne don ta sha haƙuri ya ishe ta." Na ji zafin maganar, domin gaskiya ce.

Da lokacin ya zo ƙarshe ta ce tunda yawancin aikina da Hausawa ne, Talatar ƙarshe su kaɗai take son gani, daga safe har azahar, a kan abin da ta gani za ta rubuta rahotonta. Ƙa'ida ce sai na nemi izinin kowace mace kafin baƙo ya zauna mana. Na bi su ɗaya ɗaya na tambaya, suka ce ba komai. Ban san kafin magariba labari ya gama Waziriyya ba, ya kuma sake kama a hanya: wai hukuma ta aiko a duba ko maganin Ustaza yana ci, in bai ci ba za a kore ta da marayunta.

Ranar Talata tun daga matakala na ji ƙamshin humra da turaren wuta. Na shiga ɗakin jira na tarar da shi cike. An yaye abaya, atamfa da leshi sai ƙyalli suke, ga lalle, ga 'yan kunnen gwal na aro. Mota guda suka yi haya. A tsakiya Gwaggo Dije ce ke tsara layi, ga kula biyu na waina a gefenta. Daktora kuwa ta riga ta zauna a lungunta, babu damar komawa.

Ta farko da ta shigo mace ce da ta shafe watanni ba ta iya shiga lif ko motar haya ba zuciyarta ba ta buga ba. Makon da ya wuce ma sai da muka yi ta numfashi tare. Ta zauna tana murmushi har kunne, ta juya wajen Daktora ta ce da Larabci, "Ana kwayyisa, alhamdu lillah! Ustaza miya miya!" Wato ta warke sarai, ni kuma ɗari bisa ɗari. Na yi gaisuwa, amsoshi suka zo a guje kamar hadda. Ta biyu ta ce tun ranar da ta fara ganina take barci kamar jaririya. Ta uku, wadda na san ranar Asabar ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta ce ita yanzu ma ƙiba take yi, ta ɗaga hannu ta nuna damtse. Wata da ban taɓa gani ba a rayuwata ta shigo ta rantse cewa da tana yawo ba ɗankwali ni na dawo da ita hayyacinta. Ta ƙarshe ta kawo wa Daktora waina a faranti.

Daktora ta cire tabarau ta sake shi ya faɗa ƙirjinta. Ta ce, "Wannan biki ne ko asibiti? Ke kika shirya wannan?" Na rantse ban sani ba. Ta ce ko ta yarda ko ba ta yarda ba, abu ɗaya ne: ba ta ga aiki ba, kuma ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba. Talata mai zuwa za ta kawo wa mai mustausaf rahotonta. Ta fita ta ratsa ta cikin matan, suna ta yi mata addu'a.

Da la'asar na tafi gidan Gwaggo. Na same ta tana surfa wake, tana ganina ta washe baki ta ce, "Yaya, 'yar nan? Mun fitar da ke kunya ko ba mu fitar ba? Kin ga yadda bakin baƙuwar ya mutu?"

Na ce, "Gwaggo, kun kashe ni."

Ta saki taɓarya. Na yi mata bayani cikin haushi cewa matar ba ta zo ganin waɗanda suka warke ba, ta zo ta ga yadda nake zama da wanda ciwo ke ci ne. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Wace irin mata ce wannan? A gaban baƙuwa mu ce har yanzu ba mu da lafiya? Ai mun ce maganinki ba ya ci ke nan. Mu tona asirinmu, mu tona naki? Kara muka yi miki, 'yar nan." Na san kara ce. Matan da ba su da kuɗin mota sun bar aikin yini, sun ari gwal, sun yi ƙarya a gaban wadda suke zaton hukuma ce, duk don 'ya'yana su ci gaba da zuwa makaranta.

Gwaggo ta ce to a sake tara su, wannan karon kowa ta yi kuka. Na ce kul. Sana'ar nan tana da iyaka: ba ka roƙon marar lafiya ya buɗe cikinsa don amfaninka, ko da gidanka ne ke cin wuta. Na koma gida na fara tambayar inda ake samun manyan kwalaye.

Talata ta zagayo. Daktora ta zo da ambulan a hannu, ta leƙo ɗakina ta yi mini sallama kafin ta wuce ofishin mai wurin. Muna tsaye aka turo ƙofa. Gwaggo ce, ita kaɗai, da tsohuwar abayarta mai ƙaurin mai, ba lalle ba turare. Ba ta tura kowa a gabanta ba. Ta wuce ta zauna a kujerar da ta yi shekara da shekaru tana zaunar da wasu.

Na ce, "Gwaggo, in don ni kika zo, tashi ki tafi."

Ta ce, "Don ke na zo. Amma ciwon nawa ne." Sai ta nuna Daktora da haɓa. "Ki gaya mata ba ni da iƙama. In za ta kira a kama ni, ta bari in gama tukuna."

Na fassara. Daktora ta ce in gaya mata ita Ustaza ta zo dubawa, ba takardun kowa ba. Ta sa ambulan a jaka, ta ja kujerarta zuwa lungu.

A karon farko tun da na san ta, Gwaggo ta bari na gaishe ta. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ya kasuwa, da godiya. Ya ƙafar taki, da sauƙi. Ya mutanen gida, ana jin labarinsu? Carbin da take ja ya tsaya. Ta ce lafiya lau, can ƙasa, ta zuba wa bango ido. Na yi shiru, na ƙyale agogo yana tafiya.

Ta bar 'yarta ta fari a hannun mahaifiyarta lokacin da za ta taho, da alƙawarin bayan sallah za ta koma. Sallah ta yi ta wucewa. Yarinya ta girma, aka yi mata aure, Gwaggo ta aika kayan ɗaki ta hannun alhazai. A wancan lokacin da kaset ake aiko da saƙo, kowa a gida ya yi magana a ciki. Wata shekara alhazai suka kawo mata kaset, ta kunna tana tsince wake, ta ji muryar ƙaninta yana cewa yarinyar ta rasu wajen haihuwa, tun kafin azumi. In ta tafi ba ta da hanyar dawowa, kuma mutum nawa ne a gida ke ci daga kaskonta. Ta kashe rediyo ta ƙarasa tsintar wakenta, da asuba ta soya ƙosai. Tun daga lokacin barci ba ya ɗaukarta sai ɗan gyangyaɗi. Ta ce, "Mutane na cewa Dije akwai sammako. Ba sammako ba ne, 'yar nan. Kwanciyar ce ba ta da amfani."

Muryarta ta karye. Haƙuri ya zo mini har bakin haƙora, na cije shi. Na ji idon Daktora a ƙeyata. Shirun ya yi tsawo har na ji mai shagon yadi a ƙasa yana ciniki. Sai Gwaggo ta buɗe baki ta kira sunan yarinyar. Ku 'yan yanzu ba lalle ku gane ba, amma Bahaushiyar zamaninta ba ta kiran sunan 'yar fari, ko a gaba ko a bayan ido. Ta kira shi da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga tsakar gida ya zo ya ɗauki abinci. Bayan nan ta yi kukan da ya daɗe yana jira. Da kanta ta miƙa hannu ta jawo kwalin tishu.

Da ta fita, Daktora ta ce, "A gaisuwarki akwai inda carbinta ya tsaya. Me kika tambaye ta?" Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai ta ce ta janye maganarta a kan gaisuwa. Kada ku zaci daga nan ta rungume ni. Titsiye ni ta yi: me zan yi mako mai zuwa, ta yaya zan gane ko matar na tunanin cutar da kanta, a wane hali zan tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a ba ta magani, ya zan yi da kasancewarmu 'yan unguwa ɗaya. Wasu na amsa da kyau, wasu ta gyara mini. Ba ta sa hannu ranar ba. Ta ƙara mini makonni, ta ce tana son ganin inda za mu kai da wannan matar. Gwaggo ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba, sai dai in an tambaye ta a ɗakin jira ta ce ƙafarta ta kawo a duba.

Daktora ta sa hannu, na zauna jarrabawa, na ci. Daga baya na sabunta lasisin nan sau da yawa, kowane karo sai an nuna shaidar ƙarin karatu, kuma ban taɓa yin ƙorafi ba. 'Ya'yana sun gama makaranta a garin da aka haife su. Ina gode wa kafilina da ya jira ni, ina gode wa Ustaz da ya rufe mini baki, ina gode wa Daktora da ta ƙi sa hannu don tausayi. Har matan da suka yi mini ƙarya da gwal ɗin aro ina gode musu, ko da yake na sa kowace ta dawo mun ci gaba daga inda muka tsaya, har da mai damtse.

Da katin lasisin ya iso hannuna, washegari da sassafe na nufi lungun Gwaggo in nuna mata kafin in wuce aiki. Na tarar da leburori a tsaye cirko-cirko, kowa da kuɗinsa a hannu, murhu a kashe, kasko a kife. Wani ya ce tun da yake a unguwar bai taɓa ganin haka ba. Wani ya ce ko an yi kame ne. Na shiga gidan da sauri, na tura ƙofar ɗakinta, na same ta kwance a kan katifa ta juya baya, rana ta shigo ta taga har kan ƙafarta. Na kira ta, shiru. Na taɓa kafaɗarta, sai ta yi firgigit ta tashi zaune tana lalubar ɗankwali.

Ta dubi hasken da ke taga, ta dube ni. Na miƙa mata katin, ta karɓa ta riƙe shi a juye, ba ta ko kalle shi ba.

Ta ce, "'Yar nan, makara na yi?"

Na ce, "Kin makara, Gwaggo. Mutane na waje suna jiran ƙosai."

Ta mayar mini da katina, ta gyara matashi, ta koma ta kwanta. Ta ce, "Ki ce musu su ci burodi."